Ranar da Ƙafafun Gaba Suka Ƙi Ja

Mota ɗaya maigidana ya taɓa mallaka a duniya, Allah ya jiƙansa, kuma ba ta cika shekara a hannunsa ba. Labarinta nake so a rubuta mini. Ni ban iya riƙe alƙalami ba, faɗa nake yi, in kuka ya ci ƙarfina sai a dakata in share ido mu ci gaba.

Iyayenmu daga ƙasar Kano suka zo Gombe fatauci, mu kuwa a nan muka tashi, aka yi mana aure, muka zauna a Madaki. Shi direban babbar mota ne tun kafin ya aure ni. Motar wani attajiri yake ja, yana kwasar auduga da gyaɗa. Wani lokaci sai in yi kwana da kwanaki ban sa shi a ido ba, in ya dawo ma barci ne, da asuba ya sake ficewa. Kullum maganarsa ɗaya ce, ranar da zai riƙe sitiyarin da babu mai ce masa tashi.

Da kuɗin mai ya shigo ƙasar nan, gwamnati ta sayo sababbin motoci, ta fitar da tsofaffin gwanjo. A nan ya samu wata koriyar jif mai tamfol a baya, irin wadda malaman gona ke shiga daji da ita. Ta daɗe a ajiye a fili, rana ta doke ta, ruwa ya doke ta, amma injinta lafiya lau. Duk abin da ya tara tun yana saurayi a kanta ya ƙare. Ya ajiye aikin attajirin, ya fara kai 'yan kasuwa ƙauyukan da manyan motoci ba sa shiga.

Ranar da ya kawo ta, sai da ya jira unguwa ta yi shiru da zafin rana, sannan ya kira ni ƙofar gida in gani. Ya nuna mini wasu gajerun sanduna biyu a gefen babbar giya, ɗaya mai kai ruwan ɗorawa, ɗaya mai jan kai. Ya ce sauran motoci da ƙafafun baya kawai suke tura kansu, na gaba bi suke yi. Wannan kuwa in aka danna mai ruwan ɗorawar, ƙafafun gaba ma sai su kama ja. In aka jawo jar kuma, sai ta riƙa tafiya a hankali da ƙarfi kamar san huɗa.

Na ce, "To, danna mu gani."

Ya ce, "A'a. Wannan ta ranar wuya ce."

Washegari ya kira baduku ya ɗinka wa sandunan nan riga ta jar fata, har da ado, aka ɗaure bakin da tsirkiya. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Mu haka muka taso, abu mai daraja ba a mu'amala da shi kullum. Ni ma ina da jeren kwanoni a ɗaki waɗanda ba a taɓa zuba ko ruwa a cikinsu ba. Farkon rani ya saye ta, hanyoyi a bushe suke ƙam, don haka har damina ta faɗi bai kwance tsirkiyar nan ba.

Akwai abokinsa bakanike, Ibo ne, amma a Gombe aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Lokacin tashin hankali ya tafi ƙasarsu, maigidana ya ɓoye masa akwatin kayan aikinsa a ƙarƙashin gadonmu, da aka gama yaƙi ya dawo ya tarar da ko sifana ɗaya ba ta ɓace ba. Gidansa da garejinsa suna bakin kwarin da ke ƙasan unguwarmu. Matarsa na shigo mini da zare da allura, mun saba sosai, amma shi ban taɓa yi masa magana ido da ido ba. Daga bayan zaure nake jiyo su.

Wata rana na ji bakaniken yana cewa, "Alhajin gobe, wannan giya ce ko amarya? Na ga ka sa ta a lalle."

Maigidan ya ce, "Oga, kai dai ka ga abu mai kyau hannunka na ƙaiƙayi."

"Ba wasa nake ba. Ka riƙa sa ta lokaci-lokaci, ko daga nan zuwa bakin kasuwa ne. Ƙarfe in ya zauna tsatsa yake yi."

"Ta cinye mini taya, ta shanye mini mai, in zo garejinka ka ƙarasa ni. Na gane ka."

Suka yi dariya, aka kawo musu kunu, maganar ta wuce.

Ranar da abin ya faru Lahadi ce, damina ta zauna sosai. Ana suna a gidan yayana a Kumbiya-Kumbiya. Yara sun bi maƙwabciyata tun da safe, ni na tsaya soya masa. Ban gama ba sai bayan azahar, shi kuma ya tsaya goge mota, ga shi mun makara. Muka ɗora kwanonin masa da tukunyar miya a baya, ya ce in shiga gaba. Ranar na fara zama a gaban mota, na ja mayafi na rufe rabin fuskata don kunya.

Hanyar kwalta zagaye ce mai nisa. Ya ce za mu yanke ta kwari.

Wanda bai zauna a Gombe ba ba zai san kwarin nan ba. Yawancin lokaci a bushe yake, yashi ne kawai shimfiɗe, yara na wasa a ciki, masu jakuna na ɗibar yashin gini. Gaɓarsa ta fi tsayin ɗaki. Amma in aka yi ruwa a kan tuddan yamma, gaba ɗaya yake gangarowa, ko da ɗigo bai sauka a cikin gari ba. Kuma ba ya sallama.

Na ɗaga ido na ga yamma ta yi baƙi ƙirin.

Na ce, "Malam, hadari fa."

Ya ce, "Wannan na mutanen tudu ne. Kafin ya sauka mun haye. Ai don irin wannan wurin aka ƙera ta."

Muka gangara. Da farko tana tafiya, yashi na kuka a ƙarƙashinmu. Muna isa tsakiya na ji bayan motar ya zauna, kamar jakin da aka yi wa lodi ya wuce ƙima. Ya ƙara mata wuta, yashi ya tashi sama, ba mu matsa ba. Sai ya yi murmushi. Wallahi murmushi ya yi, har yau ina ganinsa. Ya ce, "To, yau ga ranarki." Tsirkiyar ta bushe ta ƙi kwantuwa, sai da ya sunkuya ya gatse ta da haƙori. Ya zare rigar fatar ya ɗora mini a cinya, ya yi bisimilla, ya danna mai ruwan ɗorawa.

Ƙafafun baya suka yi ta juyawa. Na gaba ko motsi.

Ya jawo jar. Muryar injin ta sauya, ta yi kauri, amma abin da aka samu shi ne ƙafafun baya suka ƙara haƙa wa kansu rami. Ya kashe, ya sauka. A tsakiyar kowace ƙafar gaba akwai wani makulli da ake murɗawa da hannu. Ya murɗa na dama, ya zagaya ya murɗa na hagu, ya dawo ya sake gwadawa. Babu.

Murmushin nan ya tafi. Ya ce, "Sauko ki taimake ni. Ki leƙa ƙarƙashi, akwai wata doguwar sandar ƙarfe da ta tashi daga tsakiya ta nufi gaba, farfela ke nan. In na ba ta wuta ki gaya mini ko tana juyawa."

Na durƙusa a jiƙaƙƙen yashi da sabuwar atamfata. Ya ba ta wuta. Ta baya na juyawa har ba a ganinta, ta gaba tana nan kamar an dasa ta.

Na ce, "Ba ta juyawa."

"Ki duba da kyau."

"Malam, ga tsatsarta ma ina gani. A tsaye take."

Masu jakuna suka bar ɗibar yashi suka zo. Aka cusa kara da duwatsu a ƙarƙashin taya, aka tura gaba, aka tura baya, har cikin motar ya kusa taɓa ƙasa. Muna cikin haka iska ta juya, ta zo da sanyi da ƙanshin ƙasa. Wani dattijo a cikinsu ya miƙe ya dubi sama da kwarin. Na bi idonsa. Wani siririn ruwa ne ja, bai fi faɗin tabarma ba, yana tafe a hankali da kumfa da karmami a bakinsa.

Dattijon ya ce, "Mai mota, ɗan aike ya iso. Uban na tafe. Ku fito."

Suka kora jakunansu suka haye. Maigidana kuwa ya ciro sifana, ya tuɓe rigarsa, ya kwanta ya fara tone yashi da hannu yana cusa kansa ƙarƙashin motar.

Ya ce, "Ke, hau sama ki jira ni."

Na hau, amma ban jira ba. Na zubar da takalma na sheƙa gidan bakaniken nan. Ni da ban taɓa fita da rana ba sai da rakiya, ga ni ina gudu a kan layi, mayafi na jan ƙasa, maza na kauce mini. Na faɗa gidan ba sallama. Sun taso daga coci ba da daɗewa ba, suna cin abinci, shi yana cikin fararen kayansa na Lahadi.

Matarsa ta miƙe. "Maman yara, lafiya? Wa ya mutu?"

Yana zaune a gabana, amma ita na duba. Na ce, "Ki gaya masa muna cikin kwari, ƙafafun gaba sun ƙi ja, ruwa ya fara zuwa, kuma Malam yana ƙarƙashin mota."

Lomar da ke hannunsa a kwano ta koma. Ko hannu bai wanke ba. Ya suri guduma da gwangwanin kananzir da na baƙin mai, ya riga ni isa.

Kafin in gangara, siririn ruwan nan ya yi faɗi, ya kai idon sawu. Bakaniken ya tsuguna a gefen motar.

"Direba, ka murɗa makullan?"

Murya ta fito daga ƙasa. "Na murɗa."

"Farfela fa?"

"Ba ta juyawa."

"To, amaryarka ce ta ƙi fitowa. Matsa in gani."

Ya kwanta da fararen kayansa a cikin jan ruwan nan, amma mutum ne mai jiki, motar kuwa ta nutse, kafaɗarsa ta ƙi shiga. Dole ya koma yana faɗa, maigidana yana yi. Ya ce a gaban akwatin giya akwai wani murfi kamar gwangwanin madara, ya kwance shi. Ya kwance. Ya tambaye shi me ya gani. Maigidana ya ce kawunan ƙarfe ne, sun yi jawur.

Bakaniken ya ce, "Shi ke nan. Sandar da kake dannawa sakata kawai take ɗagawa. Akwai waya mai tsalle a ciki, ita ke tura ƙarfen nan ya kama farfela. Tsatsa ta riƙe shi, wayar ba ta da ƙarfin tura shi. Zuba kananzir. Zuba duka. Yanzu ƙwanƙwasa, a hankali fa, in ka fasa akwatin mun tashi."

Ya shiga wurin direba yana dannawa yana saki, yana jawo jar yana mayarwa. Daga ƙasa kuma sai ƙarar guduma, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ni ina tsaye a gefe, ruwa na wasa da bakin zanina, ina jin yashi na zamewa daga ƙarƙashin tafin ƙafata. Abin da nake gani na mijina ƙafafunsa ne kawai, daga gwiwa zuwa ƙasa, da ruwan da ke bi ta gefensu yana shiga inda kansa yake.

Mutane sun cika gaɓa ta ko'ina. Mata na salati, maza na ihu.

"Ku fito!"

"Kai mai mota, kana da hankali kuwa?"

"A bar ƙarfe mana, jama'a!"

Bakaniken ya ce, "Kananzir yana son lokaci ya jiƙa, mu kuwa ba mu da shi. Direba, ta motsa?"

"Ta ɗan motsa. Danna kuma."

Sai na ji shi. Da fari na zaci babbar mota ce ke tafe a kan kwalta can nesa. Amma ƙarar ba ta wucewa, ƙaruwa take yi, kuma ta ƙasa take zuwa, ina jin ta a ƙashin ƙafata. Jakunan da ke sama suka fara kuka.

Bakaniken ya yi tsalle ya diro. Duk barkwancin nan ya bar muryarsa. "Fito. Na ce fito!" Ya kama ƙafar maigidana ya ja. Maigidana ya yi shuri ya ƙwace.

"Saura kaɗan, Oga! Wallahi ta motsa!"

"Za ka mutu a nan!"

"Ka hau da iyalina, ina zuwa."

Na san mijina. Na san wannan "ina zuwa". Ba taurin kai ba ne kawai. In ya fito ya bar motar nan, komawa zai yi ya durƙusa a gaban attajirin da ya yi wa sallama, ga furfura ta fara fito masa. Gara masa ya ci gaba da buga gudumar. Ba zai fito don ihun mutane ba, ba zai fito don abokinsa ba, ba zai fito don kansa ba.

Bakaniken ya juyo ya dube ni, karo na farko a rayuwarmu. "Madam, don Allah hau sama. Kina da yara."

Ban yi shawara da zuciyata ba. Na zagaya, na buɗe ƙofar, na hau na zauna a inda na zauna da za mu taho, na jawo ƙofar na rufe da ƙarfi.

Gudumar ta tsaya.

"Wa ya shiga?"

Bakaniken ya ce, "Matarka ce."

"Ke! Sauka ki hau sama!"

Na ce, "Ba zan sauka ba, Malam."

"Ni kike gaya wa haka?"

"In kana ƙasa, ina sama. Inda motar nan za ta kai ka ta kai mu tare."

Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa ce masa a'a ba sai ranar. Na sa hannu biyu na riƙe ƙarfen da ke gabana.

Ya fito. Kansa, gemunsa, kunnuwansa, duk jan laka, baƙin mai na gangarowa daga gwiwar hannunsa. Bai zo ta wajena ba. Ya faɗa wurin direba, ya tada injin, ya danna mai ruwan ɗorawa da tafin hannu har na ji ƙashinsa ya buga, ya ba ta wuta duka. Ƙafafun baya suka watsa ruwa sama. Motar ta girgiza, ta yi kamar za ta ɗaga. Na gaba ba su kama ba.

A nan ne ruwan ya kewayo kwanar da ke samanmu. Ba kamar ruwa yake zuwa ba, kamar katanga ce ke tafiya, ja, da itace guda a kansa yana juyawa, saiwoyinsa a sama.

Ya dube shi. Ya dubi sandar da ke ƙarƙashin hannunsa. Ya dube ni. Sannan ya saki sitiyarin, ko injin bai kashe ba, ya ɓamɓare yatsuna daga jikin ƙarfen, ya jawo ni ta ƙofarsa, ya saɓa ni a kafaɗa a gaban duk mutanen unguwa. Ruwa ya kai masa cinya. Sau biyu yana durƙushewa, bakaniken na tallafo shi ta baya yana zaginsa da yarensu. Wani ya warware rawaninsa ya jefo, wasu suka kwanta a bakin gaɓa suka miƙo hannu. Aka fizge ni sama, aka fizge shi, aka jawo bakaniken da wandonsa ya yage.

Ban gama miƙewa ba na ji ƙarar. Injin ya yi tari ɗaya ya mutu. Motar da maza suka taru suka kasa motsawa, ruwa ya ɗaga ta kamar ƙwarya. Tamfol ya tashi, kwanonin masa suka watse, ta juya ta nuna mana cikinta, sannan ta bi kwana ta ɓace.

Matar bakaniken ta cire ɗankwalinta ta yafa mini, don mayafina ya tafi. Mutane suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ce masa Allah ya mayar da alheri. Yana tsaye ba riga, yana kallon ruwan, har aka kira la'asar, har aka idar.

Bayan kwanaki aka gano ta can ƙasan gari, yashi ya binne ta, ƙarafan rufin kawai ke waje. Aka haƙo, maƙera suka sayi abin da za su saya. Bakaniken ne ya buɗe akwatin giyar, ya tarar ƙarfen nan ya shige inda ake so ya shiga. Ko bugun ruwa ne ya ƙarasa shi, ko guduma ɗaya ce ta rage lokacin da na rufe ƙofar nan, Allah kaɗai ya sani. Bai gaya wa maigidana ba. Matarsa ya gaya wa, ita ta gaya mini, muka bar maganar a tsakaninmu.

Ya koma wurin attajirin, aka ba shi wata tsohuwar mota. Ya daɗe yana cin abincina ba ya ɗaga ido. Ban ba shi haƙuri ba, don ban ga abin da zan ba da haƙuri a kai ba, shi ma bai taɓa ce mini na kyauta ko ban kyauta ba. A hankali magana ta dawo, dariya ma ta dawo, amma bai sake zancen mallakar mota ba har ya bar tuƙi.

Ya aurar da 'ya'yansa duka da bakinsa. Ya raɗa wa jikoki suna. Bara ya cika, a kan gadonsa, da hantsi, ina riƙe da ƙafarsa. Wayyo, Malam. Ku dakata mini kaɗan.

An yi masa wanka, an sa masa likkafani, an sallace shi a ƙofar gidan nan, layi har bakin titi. Waɗanda kwari ya ɗauka ba duka ake samu ba, wasu iyalansu har gobe ba su san inda za su tsaya su yi musu addu'a ba. Nawa mijin kuwa, 'ya'yansa sun san kabarinsa, ranar Juma'a suna zuwa.